Lissafin bincikena ya fito da p = 0.07, shin aikin ya rushe ke nan?

Tambayar ta fito ne daga wata malama da ke koyarwa a makarantar sakandaren 'yan mata a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim, a Jihar Jigawa, wadda take haɗa kundin digirinta na biyu a fannin ilimin halayyar ɗan Adam. Ta ɗauki azuzuwa biyu na 'yan ajin ƙarshe, kowanne da ɗalibai 30. Aji ɗaya ta riƙa zama da su sau ɗaya a mako har tsawon mako shida, suna tattauna fargabar jarrabawa da dabarun kwantar da hankali, ɗaya ajin kuma ta bar su yadda suke. Bayan an gama, dukansu suka cike takardar tambayoyi 20 da ta fassaro daga Turanci, wadda makinta ke farawa daga 20 ya tsaya a 80, kuma yawan maki yawan fargaba yake nunawa. Matsakaicin makin waɗanda aka zauna da su ya kama 47.2, na ɗaya ajin 52.0, ma'aunin bazuwar maki (wato yadda makin ɗalibai ke nisa da matsakaici) a kowane aji kusan 10, sannan manhajar ƙididdiga ta SPSS ta ba ta p = 0.07. Malamin da ke duba aikin ya ce ta rubuta cewa babu bambanci tsakanin azuzuwan, wata abokiyar karatunta kuma ta ba ta shawarar ta cire ɗalibai uku da makinsu ya fita daban, ko ta riƙa ƙaro wasu har lambar ta sauko ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka kafin a ce an samu bambanci. Tana so ta san wanda za ta bi.

Malama, sannu da ƙoƙari. Aikinki bai rushe ba. Maganar malaminki tana buƙatar gyara, shawarar abokiyar karatunki kuwa barinta za ki yi gaba ɗaya, kuma akwai wata matsala ta uku da ta fi su duka girma wadda babu wanda ya taɓo miki ita a cikinsu.

Mu fara da abin da lambar nan take aunawa, domin da yawa daga cikin masu amfani da ita sun san yadda ake fito da ita daga kwamfuta amma ba su taɓa tsayawa sun ga yadda take samuwa ba. Ki ɗauka kin rubuta makin kowace ɗaliba a 'yar takarda, takardu 60 ke nan, kin cakuɗa su sosai, sannan kin raba su kashi biyu ido rufe, 30 nan 30 can, ba tare da duba wadda ta fito daga wane aji ba. Matsakaicin kashin farko da wuya ya zo daidai da na biyu, ko da yake babu abin da ya raba su sai katari: wani rabon ya ba da bambancin maki 1, wani 3, wani ya kusa zama babu, jifa-jifa kuma a samu wanda ya kai 5 ko 6. Idan kika maimaita wannan cakuɗawa da rabawa sau 1,000, kusan sau 70 za ki ga bambancin da ya kai 4.8 ɗin da kika samu ko ya zarce shi, ko dai kashin farko ne a sama ko na biyu. Wannan saba'in cikin dubu shi ne 0.07. Wato lambar tana amsa tambaya guda ɗaya tak: in an ƙaddara cewa zaman da kika yi da 'yan matan bai canza komai ba, kuma katari ne kaɗai ya raba su gida biyu, sau nawa za a ga bambanci mai girman wannan ko fiye? Gwajin t, wato lissafin da ya ba ki p ɗin nan, wanda William Gosset ya fito da tushensa a 1908 lokacin yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin, hanya ce ta samun kusan wannan amsa da lissafi ba sai an zauna ana cakuɗa takardu ba.

Ki lura cewa an fara ne da ƙaddara cewa babu tasiri, sannan aka yi lissafin a kan wannan ƙaddarawa. Saboda haka lambar ba za ta iya juyowa ta faɗa miki ko ƙaddarawar gaskiya ce ba. Kuskure ne a ce akwai yiwuwar kashi 7 cikin ɗari cewa zaman bai yi amfani ba, kuskure ne kuma a ce akwai tabbacin kashi 93 cewa ya yi, kuma na sha ganin duka biyun a rubuce cikin kundayen da aka riga aka sa wa hannu. Ga misali na lissafi kawai da zai nuna nisan da ke tsakanin abubuwan biyu. A ce masu bincike sun gwada dabarun koyarwa 200, alhali 20 ne kawai daga ciki suke da amfani na gaske, kuma binciken nasu yana iya gano rabin masu amfanin. Za su gano 10. Sauran 180 marasa amfani kuwa, ƙa'idar 0.05 da kanta ta yarda ɗaya cikin ashirin ya tsallake bisa katari, wato 9. An samu sakamako 19 da suka tsallake iyaka, 9 daga cikinsu ba komai a ciki. Kowannensu p ɗinsa yana ƙasa da 0.05, amma kusan rabinsu ƙarya ne.

Ita kanta 0.05 ɗin al'ada ce da aka gada. Ronald Fisher ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, yana nazarin yadda taki da irin shuka ke shafar amfanin gona, kuma a littafin da ya fitar a 1925 ya nuna cewa ɗaya cikin ashirin iyaka ce mai sauƙin aiki da ita. A wancan zamani da hannu ake lissafi, ana duba jadawali da aka buga a ƙarshen littafi, kuma jadawalin ba zai ɗauki kowace lamba ba, sai 'yan zaɓaɓɓu irin su 0.05 da 0.01. Fisher da kansa bai ɗauki gwaji ɗaya da ya tsallake iyakar a matsayin hujjar da ta kammala ba. A wurinsa abu yana tabbata ne idan aka san yadda za a maimaita gwajin kuma da wuya ya kasa ba da sakamakon. Daga baya Jerzy Neyman da Egon Pearson, musamman a aikinsu na 1933, suka zo da wani tsari na yanke hukunci wanda ya bambance kuskure iri biyu: a ce akwai tasiri alhali babu, da kuma a ce babu alhali akwai. Fisher da Neyman sun yi shekaru suna saɓani mai zafi a kan wannan, amma littattafan koyarwa suka haɗe hanyoyin biyu wuri guda suka miƙa wa ɗalibai kamar dama abu ɗaya ne. Abin da ya iso gare mu a ƙarshe shi ne tsoron kuskure na farko, na biyun kuwa aka manta da shi.

Dubi yadda iyakar take da rauni a aikinki. Da bambancin ya kai 5.3 maimakon 4.8, komai yana nan yadda yake, da p ta zama kusan 0.045, da malaminki ya ce ki rubuta cewa an samu bambanci. Rabin maki a matsakaicin mutum 30 maki 15 ne jimilla, wato a ce ɗalibai 15 kowacce ta matsar da amsa ɗaya kacal, cikin amsoshi 20, da mataki ɗaya. Yarinyar da ta zo makaranta ba ta karya ba, ko wadda aka yi wa faɗa a gida da safe, tana iya yin hakan ba tare da ta sani ba. Babu hankalin da zai yarda cewa wannan ɗan motsi shi ne ya raba dabara mai amfani da mara amfani.

Daga nan sai mu zo ga maganar malaminki. Rashin tsallake iyaka yana nufin shaidar da aka tara ba ta isa a kore katari ba, wannan kuwa daban yake da a ce an tabbatar babu bambanci. Kafin a ce babu, sai an tambaya ko binciken yana da ƙarfin da zai gano abin in yana nan. Jacob Cohen, wanda ya fi kowa jan hankalin masana halayyar ɗan Adam a kan wannan, ya ba da shawarar a riƙa raba bambancin matsakaitai da ma'aunin bazuwar maki domin a san girman tasiri, ya kuma kira 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Naki 4.8 ne a raba da 10, wato 0.48, dab da matsakaici. Domin a samu damar kashi 80 cikin ɗari ta gano tasiri mai girman 0.5 a ƙarƙashin iyakar 0.05, ana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni. Da mutum 30, damar ba ta kai kashi 50 ba. Ma'ana, ko da zaman naki yana rage fargaba da gaske gwargwadon haka, bincike mai girman naki ya fi kusa da ya kasa nunawa a kan ya nuna. Wannan ba laifinki ba ne ke kaɗai: a 1962 Cohen ya duba binciken da aka buga a wata babbar mujallar fannin a Amurka, ya tarar matsakaicin ƙarfinsu na gano tasiri matsakaici kusan kashi 48 ne cikin ɗari. In tasirin ƙarami ne kuwa, mai girman 0.2, sai an tara kusan mutum 400 a kowane rukuni, adadin da makarantar ƙauye guda ba za ta iya bayarwa daga aji ɗaya ba.

Abin da ya fi p faɗin gaskiyar halin da kike ciki shi ne iyakokin ƙiyasi na kashi 95 cikin ɗari, wato tazarar bambance-bambancen da bayananki ba su kore ba, kuma SPSS ta riga ta buga miki su a jadawalin da kika ɗauko p, can wajen ƙarshen layi ta hannun dama, inda yawancin ɗalibai ba sa dubawa. Da alƙalumanki, kuskuren ƙiyasin bambancin ya kama kusan 2.6, a ninka shi biyu ya zama 5.2, a cire shi daga 4.8 a kuma ƙara shi a kai, sai a samu daga −0.4 zuwa 10.0. Karatun wannan shi ne: bayananki ba su saɓa da a ce zaman bai rage komai ba, ba su kuma saɓa da a ce ya rage fargaba da maki 10 ba, wanda babban tasiri ne ƙwarai. Wanda ya rubuta cewa babu bambanci ya zaɓi gefe ɗaya na wannan tazara ya rufe ido ga ɗayan, alhali mafi yawan tazarar tana ɓangaren raguwa. A ɗaya hannun kuma, ƙanƙantar p ba ta nuna girman amfani. A 2014 an buga wani gwaji da aka yi a kan masu amfani da Facebook kusan 689,000, inda aka rage musu saƙonni masu daɗi ko marasa daɗi domin a ga ko rubutunsu zai canza. Sakamakon ya tsallake iyaka ba tare da wata wahala ba saboda yawan mutanen, amma tasirin da ya fi girma a ciki bai wuce 0.02 ba a ma'aunin Cohen, wato abin da ba wanda zai lura da shi a rayuwa. Shugabar makarantarki, in za ta ba ki lokaci a jadawalin darussa, abin da ya dame ta shi ne maki nawa fargabar ta ragu da kuma ko ragin ya cancanci awa guda a mako.

Shawarar abokiyar karatunki ita ce mai haɗari, kuma haɗarinta shi ne tana aiki. In kika cire ɗalibai ukun da suka fi ja da sakamakon baya, p za ta sauko. In kika riƙa ƙara mutum biyar-biyar kina dubawa, kika tsaya daidai lokacin da ta faɗo ƙasa da 0.05, akwai kyakkyawar dama ta faɗo ko da zaman bai yi komai ba. Akwai ma hanya ta uku da wani zai raɗa miki nan gaba, wato ki mayar da gwajin mai duba ɓangare ɗaya (raguwar fargaba kaɗai, ban da ƙaruwarta), nan take 0.07 ta koma 0.035. Wannan halas ne ga wanda ya rubuta tun kafin tattara bayanai cewa haka zai yi, amma ga wanda ya ga sakamako sannan ya canza, ya ninka wa kansa damar kuskure ne a ɓoye. Dalilin duka ɗaya ne: lissafin p ya ginu a kan cewa sau ɗaya aka gwada, bisa tsarin da aka yanke tun farko. Idan kika ɗauki tambayoyinki 20 kika gwada kowacce daban, kuma a ce ba su da alaƙa da juna, damar a samu aƙalla ɗaya da ta tsallake iyaka bisa katari zalla ta kai kashi 64 cikin ɗari. Haka abin yake in kika shiga rarraba 'yan matan, 'yan cikin gari da na ƙauyukan kewaye, masu talla bayan an tashi da marasa yi, waɗanda aka sa wa rana da waɗanda ba a sa wa ba, har ki dace da rukunin da ya ba ki abin da kike nema. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn sun nuna da lissafin kwamfuta cewa mai binciken da ya fara da mutum 10 a kowane rukuni, yana sake gwaji duk lokacin da ya ƙara mutum ɗaya-ɗaya har zuwa 50, zai samu sakamakon ƙarya kusan kashi 22 cikin ɗari maimakon 5, kuma in aka haɗa irin waɗannan 'yan dabaru guda huɗu adadin yana kaiwa kusan kashi 61.

Cire ɗaliba daga lissafi yana da muhallinsa. Wadda ta bar rabin takardar ba ta cike ba, ko wadda ta bi layi ɗaya daga sama har ƙasa alamar ba ta karanta ba, ana iya cire ta, da sharaɗin dokar ta hau kan azuzuwan biyu daidai, a faɗi adadin da aka cire da dalili, a kuma nuna sakamakon da su da kuma ba su. Yarinyar da makinta ya kai 75 domin da gaske tsoron jarrabawar WAEC ya hana ta barci kuwa, ai ita ce dalilin binciken naki tun farko.

Fannin da kike karanta ya ɗanɗana kuɗarsa a kan wannan ɗabi'a, shi ya sa na tsananta. Tun a 1959 Theodore Sterling ya duba mujallu huɗu na ilimin halayyar ɗan Adam ya ga cewa cikin maƙalu 294 da suka yi irin wannan gwaji, 286 sun ba da rahoton sakamakon da ya tsallake iyaka, wato kashi 97 cikin ɗari. Masu binciken da ƙarfin gwajinsu bai kai rabi ba ba za su riƙa dacewa haka ba, sai dai in waɗanda ba su dace ba suna ɓoye aikinsu, ko mujallu suna ƙin karɓa, ko kuma ana matsa lambobin har su ba da kai. A 2011 Daryl Bem na Jami'ar Cornell ya buga gwaje-gwaje tara a wata mujalla mai daraja, da mahalarta sama da 1,000, yana da'awar cewa mutane suna iya jin abin da bai riga ya faru ba, kuma takwas daga cikin taran sun tsallake iyaka. Manyan maimaice-maimaicen da wasu suka yi daga baya ba su ga komai ba, amma abin da ya tayar da hankalin masana shi ne hanyoyin da ya bi su ne dai waɗanda kowa yake bi. Sai a 2015 wata tawaga ta masu bincike kusan 270, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Virginia, ta fitar da sakamakon maimaita bincike 100 da aka buga a 2008: a na asali 97 sun tsallake iyaka, a maimaicin kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai, girman tasirin kuma ya ragu da kusan rabi. Shekara guda bayan haka ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana gargaɗin cewa kada a rataya hukuncin kimiyya a kan ko p ta tsallake wata iyaka kawai, a 2019 kuma masana sama da 800 suka sa hannu a wani kira a mujallar Nature na a daina raba sakamako gida biyu da wannan layi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk lissafin da na yi miki a sama ya tsaya ne a kan cewa katari ya raba 'yan matan 60 gida biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ke kuwa azuzuwa biyu kika tarar a haɗe, kika ba ɗaya zama kika bar ɗaya. A makarantunmu ba da ƙuri'a ake raba aji ba: sau da yawa ɗaya na kimiyya ne ɗaya na adabi, ko an tara masu ƙoƙari a ɗaya, malamin ajin wannan mai sauƙin kai ne na wancan mai bulala, wannan ɗakin yana da silin wancan kwano ne tsirara a zafin bazara. Duk waɗannan suna iya taɓa fargaba, kuma tunda aji ɗaya ne a kowane ɓangare, babu lissafin da zai raba tasirin zamanki da tasirin kasancewa a wannan ajin. Ko da p ta fito 0.001, wannan tambayar tana nan. Ƙari a kan haka, 'yan aji ɗaya suna kama da juna fiye da yadda suke kama da na wani aji, don haka mutum 30 a aji guda ba su kai shaidu 30 masu zaman kansu ba. Ana ƙiyasta asarar da wata 'yar ƙa'ida: a cire ɗaya daga girman aji, a ninka da ma'aunin kamannin 'yan ajin, a ƙara ɗaya. In muka ɗauka, don misali, kamannin 0.1 ne, sai a samu 3.9, a raba 60 da shi, wato mutum 60 ɗinki nauyinsu a lissafi kamar na mutum 15 ne.

Haka kuma sai an yi hattara da su wa sakamakon yake magana a kansu. Mai sayen gero a kasuwar Gujungu ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya sa an soki tsakiya da gindi, domin ya san wanda ya ɗura buhun yana iya ajiye mai kyau a sama. Makaranta ɗaya da kika zaɓa saboda a nan kike aiki bakin buhu ce. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, kuma 'yan matan da suka kai ajin ƙarshe na sakandare a ƙauye su ne waɗanda aure ko rashin hali bai cire su a hanya ba, saboda haka babin ƙarshe na kundinki ya tsaya a kan waɗannan ɗalibai na wannan makaranta, kada ya ce ɗaliban Jigawa, balle na Arewa. Akwai kuma batun kunya da girmamawa. Ke ce kika zauna da su mako shida, ke ce kuma, in na fahimta daidai, kika raba takardar kika karɓa. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ba babba kunya ta san amsar da Malama take fatan gani, kuma za ta iya ba da ita da zuciya ɗaya ba da niyyar yaudara ba. Wannan yana iya ƙara bambancin da kika gani, p kuma ba ta da hanyar ganewa. Ita ma takardar da aka fassaro, ya kamata ki faɗi ko wani da bai ga ta asali ba ya mayar da fassarar zuwa Turanci an kwatanta, da kuma ko kin gwada ta a kan wasu 'yan mata kaɗan kafin ranar aiki.

Abin da za ki rubuta a babin sakamako ke nan: matsakaicin kowane aji da bazuwarsa da adadin ɗalibai, bambancin maki 4.8, iyakokin ƙiyasi daga −0.4 zuwa 10.0, girman tasiri 0.48, da p = 0.07 yadda take, ba a ɓoye ta a bayan wata alama ba. Ki ce bambancin bai kai iyakar 0.05 da aka ɗauka ba, don haka ba a kore hasashen rashin bambanci ba, wanda shi ne abin da malaminki yake so a tsare kuma yana da gaskiya a kansa. Sannan ki ƙara cewa binciken ba shi da ƙarfin da zai kore tasiri matsakaici ko babba, kuma tsarin azuzuwa biyu bai ba da damar jingina bambancin ga zaman kaɗai ba. Ki guji cewa sakamakon ya kusa tsallakewa, domin wannan neman shiga ta taga ne. Idan za ki kai wa malaminki, kada ki je da sigar gyara masa magana. Ki buga jadawalin, ki ja layi a ƙarƙashin iyakokin ƙiyasin, ki tambaye shi yadda yake ganin ya dace a bayyana su. Yawancin masu duba kundi sun san wannan, yawan aiki ne yake sa su taƙaita.

Kada kuma ki raina abin da ke hannunki. Jeffrey Arnett ya nuna a 2008 cewa a manyan mujallun fannin guda shida, kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga Amurka suke, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu. Bayanai na gaskiya daga 'yan mata 60 a ƙauyen Jigawa, da matsakaici da bazuwa a rubuce, suna da amfani ga duk wanda zai tsara bincike na gaba ko ya haɗa sakamakon ƙananan bincike da yawa wuri ɗaya, amma da sharaɗin ba a taɓa su ba.

In lokaci da hali sun ba ki damar sake yi da 'yan ajin da ke tafe, gyaran bai fi ƙarfinki ba. Ki auna fargabar kowa kafin a fara, domin sanya makin farko cikin lissafi yana rage hayaniyar bambancin da ke tsakanin mutane, ya ƙara wa gwajin ƙarfi ba tare da ƙarin ko mutum ɗaya ba. Ki yi rabon da ƙuri'a a cikin kowane aji, rabi nan rabi can, kuma in za ki iya ki haɗa kai da malamai a makarantu biyu ko uku na kusa har adadin ya kai 64 a kowane rukuni. Manhajar G*Power kyauta ce, za ta lissafa miki adadin da ake buƙata. Rukunin da ba a ba dabarar ba su ma a zauna da su tsawon lokaci ɗaya ana bitar darasi, don kada ya zama kulawar da aka nuna ce kawai kike aunawa, sannan bayan an gama awo a ba su nasu zaman. Ki sani cewa 'yan rukunin biyu za su riƙa ba juna labari a hanyar gida ko a ɗakin kwana, wanda hakan rage bambancin yake yi, don haka ki ambace shi a rahoto. Wata malama daban ta raba takardun ta karɓa, a sa lamba a maimakon suna, a kuma nemi izinin iyaye da na shugabar makaranta a rubuce. Kafin ki raba takarda ko ɗaya, ki rubuta a shafi guda adadin ɗaliban da za ki tsaya a kai, da makin da za ki kwatanta, da gwajin da za ki yi, da dokar cire takardar da ta lalace, ki sa kwanan wata, malaminki ya sa hannu, kowannenku ya riƙe kwafi.